BAYANI A KAN WANI GADO DA BA A RABA SHI GABAN ALƘALI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙagi mutum, ya tsara gaɓoɓinsa, ya sanya ɗa ya ɗauko kamannin iyayensa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan bayani ne a kan ciwon dajin nono, wanda ake kira sankarar mama, da yadda wani sashinsa ke bin zuriya, domin malamai da fatake da sauran masu riƙon gida su san inda ya kamata su sa ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekara ta 2022 mata kamar miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo a duniya, kuma kamar 670,000 ya yi ajalinsu. A Nijeriya kuwa, a wannan shekara, an ƙiyasta sababbin masu ciwon sun haura 32,000, waɗanda suka rasu kamar 16,000. Babu wata sankara da ta fi shi kama matan ƙasar nan. Saboda haka maganarsa ba ta likitoci kaɗai ba ce.

FASALI NA FARKO: Asalin gane al'amarin

Sanin cewa siffa tana bin jini tsohon abu ne wurin malamai. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tuhumar matarsa don ta haifi ɗa baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma ya yarda akwai mai ruwan toka a cikinsu. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya fito, sai shi da bakinsa ya jingina abin ga wata jijiya ta kakanni. Nan aka nuna masa ɗansa ma haka ne, ba a kuwa yarje masa ya kore shi ba. Malamai sun ciro hukunci biyu daga nan: siffa takan ɓuya a zuriya sa'an nan ta bayyana, kuma ba a zaluntar mace a kan abin da gado ya jawo.

Ta wajen likitoci, wani Bafaranshe mai suna Paul Broca ya rubuta a shekara ta 1866 cewa ya bi dangin matarsa har hawa huɗu, ya tarar mata 10 daga cikin 24 ciwon nono ne ya kashe su. Ya ga abin ya wuce a ce dace ne, amma zamaninsa babu na'urar da za ta nuna dalili. Aka shekara fiye da ɗari ana gardama.

Sai a shekara ta 1990 wata malama a Jami'ar Kaliforniya ta Amurka, Mary-Claire King, bayan ta yi shekara goma sha bakwai tana bincike, ta tattara nasabar gidaje 23 waɗanda ciwon ya yawaita a cikinsu, ta nuna wurin da aibin yake a cikin halittar mutum. Aka sa wa wurin suna BRCA1. A 1994 masana a jihar Utah, ƙarƙashin Mark Skolnick, suka karanta shi harafi harafi. A 1995 kuma masana a Ingila, ƙarƙashin Michael Stratton, suka fito da na biyu, watau BRCA2.

FASALI NA BIYU: Yadda abin yake a cikin jiki

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai wani abu kamar rubutu, wanda masana ke kira DNA, a ciki aka tsara yadda jiki zai tsiro da yadda zai yi aiki. Haruffan wannan rubutu huɗu ne tak, amma jerinsu ya kai kamar biliyan 6. An kasa shi kundi 46, watau 23 daga uba, 23 daga uwa, kuma a cikinsu akwai babuka kamar 20,000, kowane babi da aikinsa. BRCA1 yana cikin kundi na 17, BRCA2 yana cikin na 13.

Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu, tilas ta juya wannan rubutu duka, kamar yadda almajiri ke juya littafin malaminsa. Wanda ya taɓa juya littafi ya san ɗigo ɗaya yakan mai da ra ta zama zai, ya san kuma takarda takan yage, tawada takan zube. Don haka ne malaman da ba su sakin littafi sai an gwada shi da asalinsa. To BRCA1 da BRCA2 aikinsu ke nan a jiki. Kowane mutum, namiji da mace, yana da su, kuma alheri ne gare shi: in rubutun ƙwaya ya tsinke, su ne ke taimakawa a ɗauko ɗan'uwansa lafiyayye a gwada, a gyara yadda yake.

Kowa yana da biyu biyu na waɗannan masu gyara, ɗaya ta wajen uba, ɗaya ta wajen uwa. Wanda ya gaji ɗaya a lalace, ɗayan yakan riƙe aikin, mutum ya tashi lafiya lau babu alamar kome. Amma idan wata rana ɗayan da ya rage ya lalace a cikin wata ƙwaya ta nono, sai wannan ƙwaya ta zauna ba mai duba ta. Kuskure ya hau kan kuskure, har ta fara hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Wannan hayayyafa ita ce sankara. Ke nan abin da ake gada shi ne raunin tsaro, ciwon kuwa yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa.

FASALI NA UKU: Gwargwadon haɗarin

A Amurka, inda aka fi ƙididdiga, mace ɗaya cikin takwas takan gamu da ciwon a tsawon rayuwarta, watau kamar kashi 13 bisa ɗari. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa matan da suka gaji BRCA1 a lalace, kamar 72 cikin ɗari sukan kamu kafin su cika shekara tamanin, masu BRCA2 kuma kamar 69. Akwai kuma sankarar ma'ajiyar ƙwai, wadda ke gefen mahaifa: kamar 44 cikin ɗari ga masu na farko, 17 ga masu na biyu, alhali a cikin sauran mata ba ta kai biyu cikin ɗari ba. Maza ma ba su kuɓuta ba, gama mai BRCA2 yana iya yin ciwon nono, yana iya yin sankarar wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara.

Amma fa a lura, a ƙasashen Turai da Amurka kashi 5 zuwa 10 kaɗai na masu ciwon nono ne nasu ya zo ta irin wannan gado. Sauran duka kuskuren ya auku ne a jikinsu bayan haihuwa, tare da tsufa da waɗansu sabubba. Kuma yawan aibin ya bambanta tsakanin al'umma da al'umma. Cikin jama'a gaba ɗaya akan sami kamar mutum ɗaya cikin 400 da shi, amma cikin Yahudawan da asalinsu ya fito daga gabashin Turai, ɗaya ne cikin 40, domin kakanninsu 'yan kaɗan ne kuma sun daɗe suna aure a tsakaninsu.

Bayan waɗannan biyu akwai waɗansu babuka, kamar PALB2 da TP53 da CHEK2 da ATM, waɗanda lalacewarsu ke ƙara haɗari, wani da yawa, wani matsakaici. Akwai kuma ƙananan saɓani na harafi ɗaya ɗaya da kowa ke ɗauke da su, kowanensu bai fi ƙwayar gero ba a ma'auni, sai sun taru suke cika mudu. A 2019 masana suka jera 313 daga cikinsu suka yi ma'auni da su. Sai dai da matan da asalinsu Turai ne aka yanka wannan mudu, kuma kowane falke ya san mudun wata kasuwa ba ya auna daidai a wata. An gwada shi a kan matan Afirka, aka ga bai kai yadda yake auna Turawa ba.

FASALI NA HUƊU: Abin da aka gano a Nijeriya

Wata likita 'yar Nijeriya, Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatu a Ibadan sa'an nan ta zama babbar malama a Jami'ar Shikago, ta haɗa kai da likitocin asibitin koyarwa na Ibadan suka daɗe suna bin wannan al'amari. A 2018 suka buga sakamakon gwajin mata 1,136 masu ciwon nono, da mata 997 masu lafiya. Cikin masu ciwon, kashi 14.7 bisa ɗari aka samu da aibi na gado, watau kamar mace ɗaya cikin bakwai: kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2, kashi 1 a PALB2, saura a waɗansu babuka. Cikin masu lafiya kuwa bai kai kashi 2 ba. Wannan ya fi abin da aka saba gani wurin Turawa.

Abu biyu kuma suka fito masu tayar da hankali. Na ɗaya, matsakaicin shekarun matan sa'ad da aka gano ciwon bai kai hamsin ba, watau suna tsakiyar renon 'ya'ya. Na biyu, cikin waɗanda aka san matakin ciwonsu, kashi 86 bisa ɗari sai da ya kai mataki na uku ko na huɗu suka isa asibiti, bayan ya riga ya yi jijiya. Yawancin waɗannan mata na ƙasar Yarabawa ne, amma darasin jinkiri ya shafi kowane gida. A ƙasashe masu wadata, fiye da mata 90 cikin ɗari suna nan da rai shekara biyar bayan gano ciwon, kuma babban dalili shi ne zuwa da wuri da samun magani cikakke.

FASALI NA BIYAR: Bambancin wannan gado da gadon dukiya

A nan ne ya kamata masu ilmin fara'ili su tsaya su lura, gama ƙa'idar wannan gado dabam take. A rabon dukiya ɗa yana ɗaukar ninkin rabon 'ya, amma a nan ɗa da 'ya daidai suke. Mai ɗauke da aibin, uba ne ko uwa, kowane ɗa da ya haifa yana tsakanin biyu daidai wa daida: ko ya ɗauko lafiyayyen, ko ya ɗauko mai aibin. Kowace haihuwa da nata lissafin, ana iya samun 'ya'ya huɗu duka sun gada, ana iya samun babu ko ɗaya. Babu hajabu a ciki, wani ba ya tare wani. Wanda bai gada ba kuwa, ba shi da abin da zai gadar wa 'ya'yansa ta wannan hanya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaci ciwon mata ta wajen uwa kaɗai yake biyowa. Uba yakan ɗauke shi shekara saba'in bai san yana da shi ba, ya miƙa wa 'yarsa. Shi ya sa akan ga kamar ciwon ya tsallake hawa ɗaya ya faɗa kan jika, alhali ta jikin namiji ya ratsa. Saboda haka mai bin nasaba ya tambayi labarin gwaggo kamar yadda zai tambayi na inna, da kaka ta wajen uba kamar ta wajen uwa. Mutumin da ya ce matarsa ce ta kawo masa cuta gida, wataƙila a jininsa take.

Idan wani ya ce, ai an yi gwajin jini kafin aure an ga AA ne, sai a ce masa wancan gwajin sikila ne, ba ya nuna wannan. Sikila sai yaro ya gada ta wajen uwa da uba duka biyu take kama shi, wannan kuwa gefe ɗaya ya isa. Idan kuma ya ce auren zumunci ne ke kawo shi, sai a ce masa ba shi ke haifar da aibin ba, mai ɗauke da shi ko bare ya aura lissafin rabi yana nan. Sai dai in miji da mata duka suna ɗauke da shi, kamar yadda kan yiwu tsakanin 'ya'yan wa da ƙane, to rabon 'ya'yansu ya ƙaru.

Idan ya ce sammu ne, ko aikin kishiya, ko ana ɗaukarsa ta ƙwarya da zane, sai a ce masa ciwon nan ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma zato ba hujja ba ne a shari'a. Gida nawa aka raba da irin wannan tuhuma, ciwon yana can yana cin mai shi.

FASALI NA SHIDA: Alamomin gida da alamomin jiki

Likitoci sukan zargi gado idan suka ga ɗaya daga cikin waɗannan: mace ta kamu ba ta kai shekara hamsin ba, ciwon ya kama nono biyu, mata biyu ko uku na gefe ɗaya na dangi sun yi shi, an sami sankarar ma'ajiyar ƙwai a dangin, ko namiji ya yi ciwon nono. Mai gidan da ya ga haka a zuriyarsa, ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa da wa, da shekarun kowa sa'ad da ciwon ya fara, ya kai wa likita. Malamai sun riga kowa iya kiyaye nasaba, kuma wannan takarda ba ta cin ko kwabo.

Alamomin jiki kuwa su ne ƙullutu a nono, wanda sau da yawa ba ya zafi da fari. Kaluluwa a hammata da ba ta baje ba. Kan nono ya shige ciki, ko ya riƙa fid da jini. Fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo. Ko gyambo da ya ƙi warkewa. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma likita kaɗai ke iya rarrabewa, ta hoto da ɗibar ɗan abu kaɗan a duba. Asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da na Maiduguri duka suna da likitocin wannan fanni, kuma ƙananan asibitoci suna turawa can.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wai daji ba ya son allura ko ƙarfe. Wannan magana ta kashe mata da yawa. Asalinta shi ne akan kai mace bayan ciwon ya gama bazuwa, a yi aiki, ta rasu, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin da na jinkiri ne. Watannin da ake ɓatawa wurin sakiya da shafe-shafe su ne ciwon ke tafiya a cikinsu zuwa ƙashi da huhu da hanta. Addu'a da neman magani ba su saɓa wa juna, malamai kuma sun haɗu a kan halaccin yin magani, da halaccin likita ya duba abin da lalura ta sa a duba.

FASALI NA BAKWAI: Gwaji da abin da ke bayansa

Gwajin gado da jini ko yawu ake yinsa. An fi so a fara da wadda ta riga ta kamu, in an sami aibin a jikinta sa'an nan a nemi irinsa wurin 'yan'uwanta manya. Ba a yi wa ƙananan yara, gama haɗarin sai bayan girma yake farawa. Da can wani kamfani na Amurka, Myriad Genetics, shi kaɗai ke da ikon yin gwajin a ƙasarsu, kuɗinsa ya haura dala 3,000. A watan Yuni na 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa abin da aka tarar a halittar mutum ba ya zama mallakar wanda ya gano shi. Daga nan masu yin gwajin suka yawaita, farashi ya sauko, kamar yadda ya saba a kowace kasuwa. Duk da haka yana da tsada ga talaka, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba, shi ya sa takardar nasaba take da daraja.

Wadda aka samu da aibin, akan fara duba ta tun tana shekara 25, ana ɗaukar hoto kowace shekara, domin a tari ciwon yana ƙarami. Akwai magani irin tamoxifen mai rage haɗari ga waɗansu. Akwai masu zaɓar a cire ma'ajiyar ƙwai bayan sun gama haihuwa, akwai kuma masu zaɓar a cire naman nono tun da lafiya, abin da ke rage haɗarin da kashi 90 ko fiye. Wannan shawara ce mai nauyi, ta mai jikin ce tare da likitanta, ba a tilasta ta. Ga wadda ta riga ta kamu kuma, an sami magani irin olaparib, wanda aka yarda da shi a Amurka don ciwon nono a 2018. Hikimarsa ita ce ƙwayar sankarar da ta rasa BRCA tana dogara ga wata hanyar gyara ta biyu, sai maganin ya toshe wannan, ƙwayar ta mutu.

Shayarwa ma kariya ce gwargwado. Wani bincike na 2002 da ya haɗa ƙasashe 30 ya nuna kowane wata goma sha biyu na shayarwa yana rage haɗarin da kamar kashi 4 bisa ɗari. Barin giya da rage ƙiba da motsa jiki duka suna taimakawa, amma ba su ɗauke wa kowa zuwa asibiti in alama ta bayyana.

KAMMALAWA

Abin tsoro a cikin wannan ilmi shi ne a mai da shi abin gori, a ce gidan wane ba a aure. In haka ta faru, kowa zai ɓoye, mata su ci gaba da mutuwa a ɗaka. Rabin 'ya'yan mai aibin, a lissafi, ba su gaji kome ba, waɗanda suka gada kuma ba duka ke kamuwa ba, waɗanda suka kamu kuma ana warkar da su da yawa in sun zo da wuri. Sakamakon gwaji amana ne, ba a kai shi kasuwa ko majalisa, sai ga 'yan'uwan da abin ya shafa, domin su ma su nemi tsari.

Nauyin ya fi hawa kan maza, gama galibi izinin fita da kuɗin mota da na magani a hannunsu suke. Falken da ke lissafin hajarsa kowane dare, ya san asarar wata ɗaya ba ta kai asarar uwar 'ya'yansa ba. Malamin da ake kawo wa mace don rubutun sha, ya yi mata addu'a ya kuma umarci mijinta ya kai ta asibiti a wannan mako, gama maganarsa ta fi ta kowa shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kiyaye zuriyar Musulmi da sauran bayinsa. Allah shi ne mafi sani. Tammat.